Ɓawon lemu da ruwan batir: wanda ya sani ya warware mini

Baban Hafsa, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan zaure. A yi haƙuri da ni, zancen zai ɗan ja, don in ban faɗi mafarinsa ba ba za a gane abin da nake tambaya ba.

Ni mai gyaran batir ne da lagireto a Magazin, unguwar masu gyaran mota, nan Suame a Kumasi. Bana shekarata ashirin da uku a wannan aiki, tun ina yaron shago ana aikena sayen koko har Allah ya ba ni tawa rumfar. Ga wanda bai san aikin ba: batir idan ya zo, mai sauran numfashi mu ƙara masa ruwa mu ɗora a caji, wanda kansa ya cinye mu narka dalma mu zuba masa sabo, wanda ya mutu murus kuma mu tsiyaye ruwansa mu jingine gangar har 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, su zo da sikelinsu. Lagireto kuwa a jiƙa da soda, a kankare, a ɗauraye, a liƙe da dalma. Duk ruwan nan kwata ɗaya yake bi, wadda ta ratsa bayan rumfata ta gangara rafi. Haka na tarar maigidana yana yi, Allah ya jiƙansa, haka ni ma nake yi. Simintin bakin kwatar ya zaizaye har tsakuwa ta fito, ko ciyawa ba ta tsira a wurin, amma ban taɓa sa abin a raina ba.

Akwai wata baiwar Allah mai waakye, wato shinkafa da wake, da ke kafa teburinta ƙasa da mu kaɗan, tana zuwa da ɗanta wanda bai fi shekara biyu ba. Wata Laraba na fito da buta zan yi alwalar azahar sai na gan shi tsugune a bakin kwatar, yana ɗibar laka da murfin kwalba yana kaiwa baki. Na daka masa tsawa. Uwar ta zo ta sure shi tana dariya, wai ai yaro da ƙasa sai Allah. Ni da na san abin da na zuba a wurin da safe, ranar tuwo bai wuce mini ba.

Da dare ina ba su labari a gida sai Hafsa, babbar 'yata, ta ce malaminsu na kimiyya ya taɓa gaya musu ɓawon ayaba da na lemu suna tsotse dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ruwan masana'antu. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, don yayata lemu take ferewa a bakin tasha, kuma kullum yamma sai ta biya mai aboboya, babur mai ƙafa uku, ya kwashe mata sharar. Washegari na sa yarona ya ciko mini buhun shinkafa guda, ɗanye shar, yawancinsa koren nan da wuƙa ke zarewa kamar igiya. Na raba biyu. Rabi na zuba a duron roba na tsiyaye masa ruwan batir uku, rabi a bokiti da ruwan ɗaurayar lagireto. Na rufe da katako na tafi.

Na duron, kafin kwana biyu ɓawon ya yi baƙi-baƙi ya saki, ruwan ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Na jefa ƙusa, yadda muke gwada ƙarfin ruwa, sai ga ta tana ta kumfa kamar ba a yi komai ba. Na bokitin kuwa ran na uku wari ya hana mu zama, ƙudaje kamar mahauta, har mai waldan da muke maƙwabtaka ya leƙo yana tambaya ko ɓera ne ya mutu a rumfata. Yanzu duka biyun suna nan a rufe, na rasa inda zan kai su, yaran shago kuma sun sa mini suna Furofesa a bayan idona.

To ga tambayata. Maganar nan gaskiya ce ko ta cikin aji ce kawai? In gaskiya ce, ina na kuskure? Kuma tun da dalma ba ta da launi a ruwa, ta yaya mutum zai san ta fita? Burina dai in samu ruwan da zan zubar hankalina kwance, in ma zai yiwu mu riƙa yayyafa shi a gaban rumfa saboda ƙura, ko yara su wanke hannu da shi. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Alhaji Mai Sikeli, Accra

Wa alaikumus salam Furofesa. Ka yafe ni, sunan ya dace. Ni ɗan kondem ne, na yi shekaru a kasuwar kondem ta Agbogbloshie kafin a rushe wurin a watan Yulin 2021 kowa ya kama gabansa. In da ɓawo na gyara ruwa, da kogin Odaw da tafkin Korle sun zama na sha, don babu irin ɓawon da ba a zuba musu. Sai a kwashi na kasuwar Kejetia gaba ɗaya a kai kogin Ofin da na Pra, a huta da maganar galamse, haƙar zinariyar bayan fage da ta ɓata su.

Amma bari in gaya maka abin da na sani, wanda ba na boko ba. Me ya sa kake tsiyaye mataccen batir? Saboda mu. Mu ne muke cewa a kawo shi busasshe, don kan kilo muke saye, ba ma son biyan kuɗin ruwa, kuma ba ma son ya ɗiga ya cinye mana bodin mota. Fiye da rabin nauyin batir dalma ce, ita muke bi. To akwai masu saye da ruwansa, sai dai a zaftare maka wani abu a kan kilo. Ka toshe murafun, ka ajiye shi a tsaye a kan katako, ka ce wa mai sikelinka haka za ka sayar. In ya ƙi wani zai karɓa, mu da yawa ne. Sai dai in wanda ka sayar wa ya sha kwana ya tsiyaye a wata kwatar, an gudu ne ba a tsira ba. Ka nemi wanda ke kai wa masana'antar narkarwa kai tsaye.

Hajiya Mai Tumaki, Asawase

Baban Hafsa, sannu da ƙoƙari. Ni tsorona ɗaya. Mu masu kiwo a Zango da ɓawo muke riƙe dabbobinmu, na ayaba da na rogo da na doya. Jikokina kullum suna zagaya wurin masu fufu suna kwasowa, yanzu har saye muke yi. Akuya kuwa ba ta tambaya, in ta ga ɓawo a bola ci za ta yi. Wannan da ka jiƙa da ruwan batir, don Allah kada ya je bola. Kuma ka san tsofaffinmu suna shanya ɓawon lemu su zuba a garwashi da dare saboda sauro. In wata ta tsinci naka a shanye fa? Masu ilimi ku yi mana bayani, ni dai wannan ya tsaya mini a rai.

Rukayya, Ayigya

Salamu alaikum Baba. Ni kimiyyar sinadarai na karanta a jami'ar KNUST ta nan Kumasi, yanzu ina aiki a ɗakin gwajin ruwa, bari in ɗan tsoma baki, iyayena su gyara mini in na kauce.

Malamin su Hafsa bai yi ƙarya ba. Kai da ka fi mu sanin fozitif da negetif, abin ba zai yi maka wuya ba. Dalma ko tagulla ko tutiya idan suka narke a ruwa, sun zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da cajin fozitif. Ɓawon 'ya'yan itace kuma yana da wani sinadari mai yauƙi da ake kira pektin, tare da zaruruwan da suka riƙe jikinsa, kuma a jikinsu akwai wasu 'yan ƙugiyoyi masu cajin negetif. Ƙwayar dalma in ta zo wucewa sai ƙugiya ta cafke ta, ta saki abin da take riƙe da shi a da, kamar kalsiyam ko fotasiyam. Wato ƙarfen mannewa yake yi a jikin ɓawon. A 2011 wani malami mai suna Gustavo Castro da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar São Paulo ta Brazil sun buga sakamakon gwajin niƙaƙƙen ɓawon ayaba a kan dalma da tagulla a ruwan kogi, suka ga yana kamawa da sauri, kuma ana iya sake amfani da shi har sau 11. Daga nan labarin ya bazu a jaridu. A Jami'ar Saga ta Japan ma an daɗe ana aiki da tukar lemun da kamfanonin jus ke zubarwa.

Babban kuskurenka shi ne asid. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan batir asid ne zalla. A ma'aunin tsami da muke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, ruwan sha yana wajen 7, ɓawo ya fi kama dalma a wajen 5 zuwa 6, ruwan batir kuwa ko 1 bai kai ba. Asid shi ma ƙwayoyin fozitif ne da shi, kuma sun fi na dalma yawa nesa ba kusa ba, sai su cike ƙugiyoyin kaf. Kamar trotro ne, motar haya, da ya cika tun daga Kejetia, dalma tana bakin hanya tana ɗaga hannu, ba wurin zama. Hasali ma da asid muke wanke ƙarfe daga jikin ɓawo in muna son mu sake aiki da shi. A duronka ba abin da ya kamu, ɓawon ne kawai ya dafe.

Sai irin ɓawon. Koren da Gwaggo mai lemu ke zarewa da wuƙa mai ne ya fi yawa a cikinsa, shi ke sa ƙamshi da yajin ido. Pektin a farin nan ya fi taruwa, wanda mai saye ke tsotsewa ya yar. Shi za ka sa a tara maka. Kuma ba ɗanye ba: ɗanyen ɓawo cike yake da sukari, shi ya sa bokitinka ya ruɓe, ka ƙara wa ruwan wata ƙazantar a kan ta da. A wanke shi, a tafasa a zubar da ruwan, a maimaita har ruwan ya daina launi, a shanya har ya riƙa karyewa ƙas, a daka. Kada ya yi laushin garin tuwo, zai toshe. Kamar tsakin masara ya isa. In aka jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan farar ƙasa aka ɗauraye, ƙugiyoyin suna ƙaruwa, abin da mutanen Saga suke yi ke nan. Ka sani fa kilo biyar ɗanye kilo ɗaya zai ba ka busasshe, in ma ya kai.

Amma kafin ɓawo akwai aikin da ya fi shi, kuma maganin yana rumfar maƙwabcinka mai walda. Farin ƙullun da yake juyewa daga tukunyar kabaid in gas ya ƙare, farar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, irin wadda masana'antu ke saye da kuɗi don kashe asid. Ka ɗebi wanda ya gama aiki sarai, ba sauran dutse a ciki, ka yi aikin a fili nesa da wuta. Ka dama shi da ruwa mai yawa a duron roba, sannan ka riƙa zuba ruwan batir a kai kaɗan-kaɗan kana juyawa da sanda, don yana zafi. Safar hannu da tabarau dole. Asid ake zubawa a kan ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid. Ka nemi takardar gwajin pH wurin masu kayan ɗakin gwaji ko masu kiwon kifi, ba ta da tsada. Awon zai fara daga sama, wajen 12, yana saukowa. Ka tsaya a 9. In ka bar shi can sama dalma tana sake narkewa, in ka zarce ƙasa ka ƙara ƙullu. Ranar da takarda ta ƙare, sobolo, wato zoɓo, marar sukari yana ba da alama: a asid ja ne jawur, a farar ƙasa sai ya juya kore-kore. Alama ce kawai, ba awo ba.

Ka bar shi ya kwana. Da safe laka za ta kwanta a ƙasa, mafi yawan dalmar tana cikinta, don dama wadda ke ruwan batir yawancinta ƙura ce mai laushi da ta zubo daga faranti. Ruwan saman shi za ka tsiyaye a hankali ya bi ta bokiti mai huji a gindi: tsakuwa a ƙasa, yashi, garin ɓawo a cikin tsumma, yashi kuma a sama. Ya riƙa ɗiga, kada ya kwarara.

Sanin ko ta fita kuwa, ido ba ya yi, ƙusa ma asid kawai take nuna maka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 a lita. A duro mai lita 200 miligiram 2 ke nan, bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Sai na'urar da muke kira AAS, wadda ke fesa ruwan a harshen wuta ta auna hasken. Akwai ta a KNUST, akwai a Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR da Hukumar Kula da Ingancin Kaya a Accra. Kwalba biyu za ka kai, ta kafin tacewa da ta bayanta. Ko sakamako ya yi kyau ban yarda a wanke hannu da shi ba, balle alwala, kuma kada a yayyafa a gaban rumfa. Ruwa zai bushe, abin da ya rage ya shiga ƙurar da kuke shaƙa.

Baban Hafsa, Aboabo

Allah ya yi miki albarka 'yata, ya ƙara ilimi. Misalin trotro ya shige ni. Amma bari in yi tambayar jahili. In ƙullun kabaid ne ke kwantar da mafi yawan dalmar, ga shi kuma a banza a ƙofar rumfata, wahalar tafasa ɓawo da shanya da daka ta mece ce? Sannan maganar Hajiya ba ki taɓa ba, ita kuwa ta fi damuna yanzu. Lakar nan da garin ɓawon in sun ƙoshi, ina zan kai su? Alhaji, na ji shawararka, zan gwada mai sikelina ran Asabar, ko da yake na san halinsa.

Rukayya, Ayigya

Baba, wannan ita ce tambayar da ya kamata a riƙa yi wa ɗalibai ranar kare aikinsu. In abu ɗaya kawai za ka yi, yi na farar ƙasa; in kuma ka iya bin shawarar Alhaji ka daina tsiyayewa, ya fi duka. Ɓawo na share saura ne. Farar ƙasa tana kwantar da mai yawa, amma kullum akwai ɗan abin da ke zama a narke. Manyan masana'antu suna kama wannan sauran da wasu 'yan ƙwayoyin roba masu tsada da ake shigowa da su daga waje, gurbinsu ɓawo yake son cikewa. A wurinka zai fi amfani a ruwan ɗaurayar lagireto, mai tagulla da tutiya da dalma kaɗan-kaɗan, bayan ka kwashe man da ke sama. Shi soda gare shi, kishiyar asid, shi ma sai ka auna ka daidaita.

Kuma in faɗa maka abin da jarida ba ta cika kawowa ba. Yawancin gwaje-gwajen nan a ƙaramin kofin gilashi ake yin su, da ruwa mai tsabta da aka zuba wa ƙarfe ɗaya tak. Ruwan Magazin kuwa ga baƙin mai, ga omo, ga ƙarfe huɗu biyar suna rububin ƙugiya ɗaya. Garin yana kumbura, yana ruɓewa in ya daɗe a jiƙe. Shi ya sa takardun bincike suka yi yawa, masana'antar da ke aiki da shi kuwa da wuya ka nuna. Wanda ya samu shiga sosai shi ne gawayin ƙoƙon kwakwa da aka gasa da tururi mai tsananin zafi. Da shi kamfanonin haƙar zinariya suke kamo zinariya daga ruwan sayanaid. Kuma ba kowane ƙarfe ke bin ƙa'ida ɗaya ba. Kuromiyam na masu shafa wa ƙarfe ƙyalli cajin negetif yake ɗauka a ruwa, shi sai da tsami sosai, wajen 2, yake kamuwa.

Hajiya ta fi mu gaskiya duka. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta kashe ta. Daga ruwa muka ɗauke ta muka mayar cikin laka da gari, yanzu ma ta fi taruwa wuri guda. Ba bola, ba taki, ba garwashi, ba dabba. A bar su su tsane a abu mai murfi inda ruwan sama da yara ba sa kaiwa, a rubuta a jiki. A 2016 an sa irin wannan shara ƙarƙashin dokar shara mai haɗari, mai lamba 917, kuma EPA, hukumar kare muhalli, tana da ofishin yankin Ashanti a nan Kumasi, su za ka tambaya masu lasisin karɓa. Masu narka batir ma ka tuntuɓe su, tun da dalma ce a ciki. In an rasa duka, ana kwaɓa lakar da siminti ta daskare, ruwa ba ya saurin wanke ta, amma ba bulon gina ɗaki ba ne. Tsohon duronka ma haka za ka yi masa: farar ƙasa, ya kwana, ɓawon ya bi laka.

Maman Abdul, Nima

Baban Hafsa, ni nas ce, ƙugiya da pH ba fannina ba ne, amma tun da na karanta labarin yaron mai waakye na kasa wucewa. A 2010 a Zamfara yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Ba ruwan masana'anta suka sha ba. Duwatsun zinariya ake kawowa ana dakawa a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa, yara suna rarrafe suna sa hannu a baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin maganin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ya yi amfani. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa tun kafin a ga wata alama.

Ruwan da za ka gyara na gobe ne, lakar shekara ashirin da uku kuwa tana nan a bakin kwata. A kwashe ta tana jiƙe, a rufe wurin da siminti, teburin waakye ya matsa. A gaya wa uwar ta kai yaron asibiti, ta faɗi ainihin abin da ya ci, ta nemi a auna dalma a jininsa. Kai ma da yaran shagonka ku auna, ku da kuke narka ta kuna shaƙar hayaƙin. Kayan aikinka kada su je Aboabo, kada Maman Hafsa ta haɗa su da na yara a wanki. Dalma tana taruwa a ƙashi, mai ciki kuma tana miƙa wa ɗan cikinta. Tun da an zo nan ma, iyaye mata, kwallin dutse mai ƙyalli da muke rambaɗa wa jarirai da yawansa dalma ce. Na faɗi haka a sunan ƙanwata, saura kaɗan gwaggonnina su kore ni.

Baban Hafsa, Aboabo

Jama'a na dawo bayan mako uku, na gode wa kowa. Mai sikelina ya ƙi, ya ce shi ba ya sayen ruwa, muka rabu ba daɗi bayan shekara tara. Wani yaro ɗan Tamale ya karɓa da ruwansa, ya ce masana'antar narkarwa a Tema yake kaiwa, ya zaftare abin da ya zaftare. Na bi shi da ido har ya fita layinmu, daga nan Allah ne shaida.

Mai walda da ya ji ina son ƙullunsa sai ya ce sai na saya, abin da shekara da shekaru yake juyewa a bayan rumfa. Mun daidaita a kan zan riƙa yi masa cajin batirin babur kyauta. Na yi wa tsohon duron yadda Rukayya ta ce. Ya yi zafi ƙwarai har na ji wa robar tsoro, kuma na zarce, takarda ta nuna 4, na ƙara ƙullu ta haura 12, sai a karo na uku na samu 9. Lakar da ta kwanta ta fi yadda na zata yawa. Ga ni yanzu da galan Kufuor biyu, jarkokin nan na roba, a ƙarƙashin benci, na rubuta GUBA da jan fenti, yarona ya ƙara da Turanci da Tonanci.

Ɓawo shi ya ba mu wahala. Yaya ta ajiye kwando a gefen tirenta tana roƙon masu saye su jefa tukar a ciki, wasu suna yi mata kallon mai haɗa asiri. Hafsa ta tafasa ta shanya a kan kwanon ɗaki, ruwan Kumasi ya sauko kwana uku a jere, rabi ya yi funfuna. Sauran a jikin murhun mai burodin layinmu muka ƙarasa busarwa. Mai nikanika ya ƙi taɓawa, wai zai sa wa masarar mutane ɗaci, sai a turmi ta daka. Abin da muka samu bai cika gwangwanin awo na olonka ɗaya ba, Hafsa kuwa ta ce ta samu aikin da za ta kai gasar kimiyya ta makarantarsu.

Mai waakye ta matsa da teburinta, amma maganar asibiti ta ce sai ta gaya wa mijinta, har yau shiru. Maman Hafsa ta ce ita da kanta za ta je gidan ranar Juma'a. Lakar kwata ta bayan rumfata kawai muka kwashe, buhun siminti huɗu, an ƙulle an ajiye tare da galan ɗin. Na sama da ni da na ƙasa suna tsaye suna kallo, wani har ya ce in na gama in zo in share masa tasa. Zan kai maganar taron ƙungiyarmu na ƙarshen wata.

Kwalabe biyu suna nan na cika, ta kafin da ta bayan, Hafsa ta manna musu takarda. Rukayya, a gorar ruwa ta roba na zuba bayan na ɗauraye ta sau uku. Hakan ya yi, ko akwai irin wadda ake so? Kuma kwana nawa za su iya yi a ajiye, don sai Litinin zan samu fita Tek, wato KNUST.